Ranar da Na Ba da Haɗeja

Jikokina da abokansu sukan kewaye rediyo su saurari wasan kacici-kacici, in wani ya kasa amsa su fashe da dariya, su ce da su ne da tuni sun cinye. Har akwai mai ƙarfin halin da ya ce mini, "Kaka, ashe wannan ce sana'ar da ka yi? Ai wannan ba aiki ba ne, surutu ne." Na dube shi kawai. Mutumin da ke cikin rediyo in ya kasa ba mai ganin fuskarsa, zai kaɗe rigarsa ya tafi gida ya ci tuwo. Mu a zamaninmu a tsakiyar kasuwa ake kasawa, gaban surukanka da abokan wasanka, kuma kasawar ba ta tafiya a banza. Tunda kun matsa, bari in gaya muku yadda abin yake.

Sunana Ilu, ɗan masunta ne ni daga bakin kogin Haɗeja. Sana'ar da na yi ana ce mata wasan tambaya, mu kuma ana ce mana 'yan tambaya. Ko a lokacin Turawa ba mu da yawa, yanzu kuwa ban san ko saura ɗaya ba. Ranar kasuwa mutum zai shimfiɗa tabarma, ya buga kuge, wato 'yar ƙararrawar ƙarfe, jama'a su kewaye shi, ya ce duk mai tambaya ya kawo: kan abinci ne, kan kiɗa ne, kan sutura, kan sarauta, kan garuruwa da hanyoyinsu, labarin mutanen da, ko kacici-kacici irin na tsofaffi. In ya amsa daidai, mai tambaya ya jefa abin da ya sawwaƙa a ƙwarya, goro ne, ƙwai ne, anini ne, ko busasshen kifi. Mutane suna haɗa mu da maroƙa. Mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa tsayawa a fagena ba, in ya kawo kifi kasuwa sai ya zaga ta bayan rumfar mahauta don kada a ce masa ga ɗanka can.

Wanda ya koya mini shi ne Baba Kyari. Kakanninsa daga bakin tafkin Chadi suka zo, shi kuwa a Haɗeja aka haife shi, dogo ne baƙi mai murya kamar ana buga turmi. Aikin farko da ya ba ni ba shi da haɗi da magana. Wasu fatake ne suka sauka a zango da jakuna, sun fito daga yamma za su Barno. Ya ce in je in yi musu ɗiban ruwa da yankan ciyawa har su tashi, kada in tambaye su komai, in dai buɗe kunne. Na yi ta jigilar tulu har wuyana ya sage. Da suka tashi na dawo da saurina na ce, "Baba, an ce a Ilori mata ne ke cin kasuwa, maza na gida."

Ya ce, "Wa ya ce?"

Na ce, "An dai ce."

Ya ɗauki sandar kuge ya ƙwanƙwasa mini a ka. "An ce ba mutum ba ne, Ilu. Ba shi da uwa ba shi da uba, ranar da aka ƙure ka ba zai zo ya tsaya maka ba. Wane ne ya faɗa? Ya je da ƙafarsa ko shi ma ji ya yi?"

Daga ranar na koyi dokarsa: ba a saka magana a jaka sai an ji ta daga bakin mutum uku waɗanda ba su san juna ba. Shi ya sa rabin aikinmu ba a kasuwa yake ba. Yana zango, yana mashigin kogi inda ake jiran kwalekwale, yana gidan da alhaji ya sauka bayan ya yi shekaru a hanyar Makka, daga baya kuma yana tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori. Ka zauna kamar wawa, ka bari mutum ya yi ta cika baki kana gyaɗa kai. Mai son a san ya sani ba ya iya wannan aiki, don kafin ka yi magana ɗaya a fage sai ka yi shiru ɗari a waje.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai tabarmar kaba, da kuge, da ƙwarya, da burgami na fatar akuya wanda ni nake rataye shi. A cikin burgamin Baba yake ajiye abin da yake kira shaidu: guntun gishirin Bilma, ɗiyan wuri irin waɗanda ake ciniki da su kafin kuɗin Bature, ƙyallen saƙin Nufe, wata katantanwa da aka ce daga bakin teku ta fito, da cokali mai yatsu wanda wani kukun Bature ya ba shi. In ya ce Bature da ƙarfe mai yatsu yake cin nama, wani ya ce ƙarya ne, sai ya zaro cokalin ya ɗaga sama. Akwai kuma igiya mai ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli sarki ne, da ita nake haddace wane ya gaji wane ina tafe bayan jaki. Abu na ƙarshe ba a ɗaukarsa a jaka, shi ne dattawa uku da za su zauna gefen tabarma su yanke ko amsa ta yi ko ba ta yi ba. A Haɗeja sarkin kasuwa ne babbansu.

Masu tambaya kowa da irin tasa. Mahauta ba su wuce kiɗa, su ce wane kiɗa ne na wa, ka jero musu: kalangu nasu, dundufa ta maƙera, garaya ta maharba, algaita ta sarakuna. Fatake gwada ka suke yi da hanya, su ce kogin nan namu ina ya nufa, ka bi da su Gashuwa, ka bi da su Gaidam, har ka zuba su a tafkin Chadi. Matan Fulani masu tallan nono su ne bala'i, kacici-kacici suke kawowa wanda ba ka taɓa ji ba, suna rufe baki da gefen zane suna dariya tun kafin ka buɗe naka. Wata ranar kasuwa a Auyo wani dillalin tufafi ya jawo baƙo da hannu ya tsayar da shi gabana, ya ce in faɗi garinsu ba tare da ya yi magana ba. Na dubi tsagen fuskarsa, na dubi yadda ya karya hularsa, na dubi ɗinkin wuyan rigarsa, na ce Bagobiri ne amma ya daɗe a Barno. Baƙon ya riƙe baki. A kan abinci kuwa kowa gwani ne, kowa yana son ya ji me ake ci a inda bai taɓa zuwa ba, shi ya sa sai ka san burabuskon Barebari da sakwarar Yarabawa da gurasar Larabawan Kano kamar a gidanku ake yin su.

Abu uku Baba yake hanawa tun a buɗe fage. Ba a tambayar addini, wannan na malamai ne. Ba a tambayar asalin wani mutum da ke raye. Ba a kuma tambayar ranar da Turawa suka shiga Haɗeja da bindiga, don yana saurayi ya ga ranar da idonsa, kuma bai taɓa yarda ta zama abin wasan kasuwa ba. Sauran maganar mulki ana yi, amma da taka-tsantsan, saboda ba a rasa ɗan doka a bayan taro. Kowa ya iya jero mai unguwa, dagaci, hakimi, sarki, sai Turawan mulki, Di'o da Razdan, har Gwamna a Kaduna. Wata rana wani ɗan neman fitina ya ce, "Baba, tsakanin Sarki da Razdan wa ya fi?" Kowa ya waiga wajen ɗan doka. Baba ya gyara zama ya ce, "Sarki ke da ƙasa, Razdan ke da agogo." Dattawa suka yi dariya suka ce amsa ta yi, ɗan dokan ma da murmushi ya wuce.

Yanzu ga inda sana'ar take da haƙori. Kun san in yara suna kacici-kacici, wanda ya kasa yakan ce na ba ka gari, mai tambaya ya karɓi Kano ko Katsina ya yi ta lissafa daɗin da zai ci a can, sannan ya faɗi amsa. A wurin yara magana ce kawai. A wurinmu gari gari ne. In ka kasa amsa a fage ka ba da gari, ba ka sake shimfiɗa tabarma a kasuwar garin nan sai ka ƙure wanda ya karɓa da taka tambayar, ko shi da kansa ya mayar maka gaban dattawa. Mai tambaya yana da ikon ya ƙi garin da ka miƙa ya nemi wanda ya fi shi. Yawanci mutane suna da kara, ka ba su ƙaramin ƙauye su karɓa, a yi dariya, mako mai zuwa su mayar. Baba a duk rayuwarsa ƙauyuka kaɗan ya bayar, kuma duk ya karɓo abinsa.

Baba yana da waƙar buɗe fage, kuma ita ce ta zama sunansa. In ya buga kuge sai ya ɗaga murya ya ce, doki na da linzami, raƙumi na da akala, giwa ba ta da mai ja. Jama'a su amsa masa. Daga nan aka riƙa kiransa Giwar Fage. In aka tambaye shi babbar dabbar da ɗan Adam ya iya mallaka, raƙumi yake cewa, ya ƙara da cewa kakansa maharbin giwa ne a bakin Chadi, kuma tun da aka halicci duniya ba a taɓa ɗora wa giwa kaya ba. Ba wanda ya taɓa musa masa. Mata suna rera waƙar a bakin turmi, masunta suna rera ta a kan goran da suke hawa cikin ruwa.

Shekaru suka tura, idon Baba ya fara hazo, har ya rufe gaba ɗaya. Sai ya zama ni ke tsaye a fage, shi yana zaune a bayana kan tabarma da sandarsa, shi ke buɗewa da waƙarsa, ni in karɓi tambayoyi. Bai taɓa cewa ya sallame ni ba, ni ma ban taɓa nema ba. A gidansa nake cin tuwo, shi ya yi mini aure, in yana magana ba na ɗaga kai.

Ana nan babban yaƙin Turawa ya ƙare, sojojinmu da aka kai ƙasar Hindu da ƙasar Bama, can ƙetaren teku, suka fara dawowa. Na tafi tashar Malam Madori na zauna kwanaki ina taya su sauke akwatuna, ina sauraro kamar yadda aka koya mini. Na samu abin jaka da yawa, shinkafar da suke ci da yaji, ruwan sama da ba ya ɗaukewa, tekun da ake wata guda ba a ga gaɓa ba. Sai wani ya ce a can giwa ce ke jan gungumen katako, wani ɗan siririn mutum yana zaune a wuyanta yana taɓa ta da ƙafa tana juyawa. Na yi dariya a raina na ce soja da ƙarya. Washegari wani daban, mutumin Nguru, ya faɗi haka. Kafin in bar tashar na ji ta daga baki ya fi biyar, kuma ba wanda ya san wani. Bisa dokar Baba da kansa, magana ta shiga jaka.

Na dawo gida na zazzage masa duk abin da na samo, ban da wannan. Sau da yawa nakan zauna gabansa da niyyar faɗa, sai in ɗauko wata hira. Ta yaya zan dubi mutumin da ya rene ni, makaho, in ce masa sunan da ake kiransa da shi kuskure ne? Na ce a raina bari dai zuwa gobe. Aka yi ta buɗe fage da waƙar giwa, ina tsaye ina amsawa tare da jama'a.

Shekarar nan kuwa ita ce mummunar shekara. Kogi bai kawo ruwa yadda ya saba ba, fadamun da ake shuka shinkafa suka tsage, kifi ya yi wuya, ɗan geron da aka samu a tudu fara ta sauka a kansa. Kasuwannin ƙauye suka zama kufai. Mun je Kafin Hausa mun buga kuge har hannuna ya gaji, waɗanda suka taru ba su da ko goron da za su jefa, wata tsohuwa ce ta tausaya mana da ɗan ƙullin garin rogo. Wanda cikinsa ke kuka ba ya son sanin abin da ake ci a Ikko. Haɗeja ce kaɗai ta rage da sauran motsi, don nan ma'aikatan En'e, wato hukumar sarki, suke, nan sojojin da suka dawo da ɗan abin hannunsu suke kashewa. Da kasuwar Haɗeja gidan Baba da nawa suke ci a shekarar.

Wata ranar kasuwa da hantsi, fage ya cika, na amsa tambayar wani Bafillace kan hanyar Azare, sai na ga taro yana darewa. Wani soja ne ya shigo da kakinsa da manyan takalma, wasu sojoji biyu suna bayansa. Ya tsaya gaban tabarma ya yi sallama.

"Baba Kyari, barka da kasuwa. Ka gane murya?"

Baba ya karkata kai. "Wannan ba Mamman na unguwar marina ba ne?"

"Ni ne, Baba. Kofur Mamman ake cewa yanzu. Allah ya dawo da mu."

"Madalla. Sannu da hanya, ɗana."

Na san Mamman, tare muka yi wasan langa muna yara, kuma ba ya fashin fagen Baba kafin a ɗauke shi soja. Ya juyo gare ni, ba fara'a a fuskarsa.

"Ilu, ga tawa. A cikin dabbobin da Allah ya halitta, wace ce mafi girma da ɗan Adam ke hawa, ya ɗora mata kaya, ta yi masa aiki?"

Tun kafin ya rufe baki jama'a suka ɗauka, "Raƙumi! Raƙumi!" Wasu har sun fara rera waƙar giwa suna tafi. Sarkin kasuwa ya ɗaga hannu ya ce a yi shiru, ɗan tambaya aka tambaya.

Duk ido ya dawo kaina. Na san amsar sarai. In na ce giwa, na tsaya a kasuwar garinmu na ƙaryata ubangidana yana zaune a bayana, da bakin da ya ciyar. In na ce raƙumi, na faɗi abin da na san ba haka ba ne, kuma Mamman zai murƙushe ni da shi. Na waiwaya na dubi Baba. Ya ɗaga fuska sama irin ta makafi, yana ɗan murmushi, ya dafa sandarsa da hannu biyu. Na ɗauka murmushin mai jiran a ce raƙumi ne.

Na ji bakina ya ce, "Kofur, na ba ka gari."

Kasuwa ta ɗauki salati. Wani mahauci ya ce, "Kai Ilu, tambayar da 'yata ta sani?"

Mamman ya ce, "Wane gari?"

"Na ba ka Guri."

"In yi me da Guri? Sauro zan ci?"

"Na ba ka Auyo."

"Shinkafarsu ta ƙone bana. Ƙara."

"Na ba ka Kafin Hausa."

Ya girgiza kai. "Haɗeja nake so."

Sarkin kasuwa ya gyara rawani ya ce, "Kofur, ba a karɓar garin da aka binne cibiyar mutum."

"Ranka ya daɗe, doka ce ko kara?"

Dattawan suka dubi juna. Sarkin kasuwa ya ce, "Kara ce."

"To ni tawa karar ta ƙare a ƙasar Bama. Ko ya amsa, ko ya ba ni Haɗeja."

Har a lokacin ƙofa a buɗe take, kalma ɗaya ce tsakanina da ita. Sarkin kasuwa ma ya dube ni ya ce, "Ilu, ka sake tunani." Na sunkuyar da kai na ce, "Na ba ka Haɗeja."

Abin da ruɗewa ta mantar da ni shi ne, wanda ya karɓi gari dole ya faɗi amsa. Mamman ya juya ga jama'a ya ce giwa ce. Ya ce ranar da suka sauka a ƙasar Hindu ana hira a bariki, shi ya rantse wa sojojin Kano da na Zariya cewa giwa ba ta da mai ja, don Giwar Fage ta garinsu ta faɗa. Ba a yi mako ba sai ga giwaye a jere suna jan katako, ana tuƙa su kamar shanun huɗa. Ya ce tun daga ranar har aka gama yaƙi ba a sake kiransa da sunansa ba, Mai Giwa ake ce masa, in an ga giwa da kaya a ce Mamman zo ga ƙaryar garinku tana wucewa. Ya zaro hoto daga aljihu ya miƙa wa dattawa, ga giwa, ga mutum a wuyanta, ga gungume a bayanta. Sojojin nan biyu suka ce da idonsu suka gani. Hoton ya yi ta yawo hannu zuwa hannu, ana kallonsa ana kallon Baba.

Wato abin da na guje wa Baba ya same shi, ga kuma gari ya tafi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na naɗe tabarma da rana tsaka, abin da ban taɓa yi ba, na rataya burgami, na kama sandar Baba na ja shi muka ratsa kasuwa. Ba wanda ya yi mana ihu, da ma sun yi da ya fi sauƙi. Hanya kawai suke ba mu. Muka isa gida, kuma tun daga ranar Baba bai sake fita fage ba.

Sauran shekarar a kan hanya na yi ta ni kaɗai. Na bi Birniwa, na bi Kirikasamma, na bi Bulangu, ina buga kuge ga mutanen da ba su da abin jefawa. Labari kuwa ya riga ni zuwa ko'ina. Da na shimfiɗa tabarma sai wani ya ce, "Ai wannan ne ya ba da garinsu." Wani ya ce, "Tambaye shi ƙafar akuya nawa, ƙila mu samu Kano." In na dawo gida ranar kasuwar Haɗeja, ina jin hayaniyarta daga zaure ba ni da ikon shiga da tabarma, sai in aika matata ta sayo abin miya in akwai na saye. Har jakin Baba sai da aka sayar aka ci. Na shirya tambayoyi masu wuya don in ƙure Mamman in karɓo garina, na je wurin sarkin kasuwa ya sa mana rana. Kafin ranar ta zo aka ce Mamman ya samu aikin gadi a kudu, ya hau jirgi ya tafi. Bai sake dawowa ba, kuma ba wanda ya san inda za a aika masa. Dattawa suka ce ba su da ikon mayar da abin da ba a hannunsu yake ba. Na ci gaba da sana'a shekaru masu yawa bayan haka, har lokacin da 'yan jam'iyya suka fara cika kasuwanni da lasifika, amma tabarmata ba ta sake taɓa ƙasar kasuwar Haɗeja ba.

Damina ta gaba kogi ya kawo, fadama ta yi kore. Wata rana bayan la'asar na dawo daga Auyo na tarar da Baba a zaure, ya rame ƙwarai, awaki suna shiga suna fita ta gefensa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce in matso, ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Ilu, ranar nan ka san amsar."

Ba tambaya yake yi ba. Na ce, "Na sani, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun da na je tasha."

Ya ce, "Ni na riga ka. Tun idona yana gani wani alhaji ya gaya mini, ya zauna da mutanen Hindu a Makka. Daga baya na ji a bakin wasu biyu."

Na ɗago kai na dube shi, abin da ban saba ba. "To Baba, me ya sa ba ka bari ba?"

"Da wane baki? Waƙar da mata ke daka da ita? Sunan da ake kirana da shi? Na ɗaure abin da ba zan iya kwancewa ba, kullum in na buɗe fage da ita sai na ji kamar na haɗiyi ƙaya. Da na ji kana zuwa tasha na ce Alhamdu lillahi, yaron nan zai ji, zai zo ya sauke mini. Na yi ta jira, kana kawo mini labarin shinkafa da ruwan sama. Ranar da Mamman ya yi tambayar nan, wallahi daɗi na ji. Na ce yau ɗana zai gyara ni gaban mutanen Haɗeja, su ce Kyari ya yi kuskure amma ya haifi wanda ya fi shi. Sai na ji kana rabon garuruwa."

Na sunkuyar da kai. Hawayena suna zuba a kan hannunsa, bai janye ba.

Ya ce, "To faɗa mini yanzu, in ji daga bakinka. Wace dabba ce mafi girma da ɗan Adam ke hawa ya sa ta aiki?"

Na ce, "Giwa ce, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Amsa ta yi," in ji shi. "Sai dai ba kowa a nan, daga ni sai awaki."